Ruwa, Gishiri da Jinin Jariri: Abin da Ƙwayar Jini Ta Bayyana Game da Sikila

Abubuwa uku da suka fi tayar da ciwon sikila, wato amosanin jini, duk suna nan a Jibiya, kowanne da lokacinsa. Akwai bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, maƙogwaro ya bushe tun hantsi. Akwai damina da sauronta da zazzaɓinta. Akwai kuma tsakiyar hunturu, sa'ad da iska mai ƙura ke busowa daga arewa tana tsaga leɓe da diddige. A irin waɗannan lokuta ne iyaye ke kwana zaune, yaro na murƙususu yana cewa ƙashinsa ake sara. Da yawa daga cikinmu mun ɗauki cutar a matsayin shari'ar da aka gama yankewa tun ranar haihuwa: in an ce yaro SS ne, sai addu'a da jiran abin da Allah zai yi. Addu'a kam takobin mumini ce, amma binciken da aka shafe sama da shekara 70 ana yi a kan jan ƙwayar jini ya nuna cewa gadon cutar daban, tsananinta daban. Tsananin ya dogara ƙwarai a kan abubuwa biyu, yawan ruwan da ke cikin ƙwayar jini da kuma yawan wani nau'in jini da kowa ke zuwa duniya da shi, kuma duka biyun ana iya taɓa su da abin da bai fi ƙarfin gari irin Jibiya ba.

Maganar ta shafe mu fiye da kowa. A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, ana haifar jarirai kimanin 150,000 da wannan cuta kowace shekara a Nijeriya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da rabin gadonta, wato AS. Dalilin yawanta a ƙasashenmu ya fito fili tun 1954, lokacin da Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa mai AS yana da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro; inda sauro ya yi katutu, masu AS sun fi tsira su girma su hayayyafa, gadon ya yi ta yaɗuwa. Shingen iyakar Nijeriya da Nijar da ke tsakanin Magamar Jibiya da Ɗan Isa bai raba wannan gado ba. Maraɗi kanta zuriyar sarakunan Katsina ce ta kafa ta bayan jihadi, kuma har gobe auratayya ba ta yanke ba tsakanin ɓangarorin biyu. Jini ɗaya ne, cutar ma ɗaya ce.

A 1910 ne wani likita a Shikago, James Herrick, ya bayyana ƙwayoyin jini masu siffar lauje a jinin wani ɗalibi ɗan tsibirin Giranada. Sai a 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka gano cewa aibin yana cikin himogulobin, furotin ɗin da ke cike da jan ƙwayar jini yana ɗaukar iskar oksijin daga huhu zuwa sassan jiki. Vernon Ingram, a Kambirij ta Ingila, shi ya ƙarasa aikin a 1957. Himogulobin na babba sarƙoƙi huɗu ne, biyu ana ce musu alfa, biyu beta, kuma sarƙar beta tana da ƙulli 146 na sinadaran da ake kira amino asid. Ingram ya nuna cewa a jinin mai sikila ƙulli na shida kaɗai ya sauya: inda ya kamata a sami gulutamik asid, sai aka sami balin. Gulutamik asid yana jituwa da ruwa, balin kuwa gudun ruwa yake yi, yana neman inda zai lafe. Da zarar himogulobin ya sauke iskar da ya ɗauko, siffarsa takan ɗan sauya, wani ɗan gurbi ya buɗe a jikinsa, sai balin ɗin maƙwabcinsa ya shige ciki ya maƙale. Wannan ya kama wancan, wancan ya kama na gaba, har su zama dogayen zaruruwa masu tauri, kowanne murɗaɗɗe daga sili 14. Su ne ke tokare ƙwayar daga ciki su lanƙwasa ta. Ƙwayar jini mai lafiya takan yi kwana 120 tana aiki. Ta mai sikila da ƙyar take wuce kwana 20, kuma daga nan ƙarancin jini da rawayar ido suke samo asali.

Da labarin ya tsaya a nan, da mai sikila bai kai ko shekara ɗaya a duniya ba, domin kowace ƙwayar jini tana sauke iska sau da yawa a kowace sa'a. Abin da ke ceton rai shi ne jinkiri. A 1974 William Eaton da James Hofrichter, a Cibiyoyin Binciken Lafiya na Amurka, suka auna yadda zaruruwan ke haɗuwa, suka tarar ba nan take suke fitowa ba. Akwai ɗan lokaci da komai ke zama shiru, sannan su tsiro gaba ɗaya. Ƙwayar jini kuwa tana ratsa siraran hanyoyin jini, waɗanda suka fi ta ƙunci, cikin kamar daƙiƙa guda. In ta fita kafin zaruruwan su haɗu, ta kuɓuta, za ta koma huhu ta ɗauki iska, abin da ya fara haɗuwa ya narke. In suka riga ta, sai ta sandare a ƙuntataccen wuri ta tare hanya. Abin mamakin da suka gano shi ne yadda tsawon wannan jinkiri ke bin kaurin himogulobin a cikin ƙwayar: in kaurin ya ƙaru da kashi kaɗan cikin ɗari, jinkirin kan ragu ninki-ba-ninki, in ya ragu kaɗan kuma, jinkirin ya tsawaita haka. Kamar kunu ne, ludayi ɗaya na ruwa ke raba wanda za a kurɓa da wanda ya daskare a kwano. A ganina wannan shi ne binciken da ya fi kowanne ba da ƙwarin gwiwa a tarihin cutar, domin ma'anarsa ba sai an kawar da himogulobin mai aibin, wanda ake kira S, baki ɗaya ba kafin mara lafiya ya sami sauƙi. A ɗan tsarma shi ma ya isa ya kawo canji babba.

To me ke tsare ruwa a cikin ƙwayar jini? Gishiri ne, amma a siffar da ido ba ya gani. In gishiri ya narke a ruwa yakan rabu zuwa ƙananan ɓurɓushi masu ɗauke da cajin lantarki, waɗanda masana ke kira ayon. Jiki yana tara ayon na fotasiyam a cikin ƙwaya, ya bar na sodiyam a waje, kuma akwai wani famfo na furotin a jikin tantanin ƙwayar da ke wannan aiki dare da rana, yana fitar da sodiyam uku ya shigo da fotasiyam biyu. Jens Skou ɗan ƙasar Denmak ne ya gano shi a 1957, aka ba shi lambar Nobel a kansa a 1997. Ruwa kuma bin gishiri yake yi duk inda ya nufa. Shekara guda bayan Skou, a 1958, György Gárdos a ƙasar Hangari ya lura cewa in ayon na kalsiyam ya shiga jan ƙwayar jini, wata ƙofa takan buɗe fotasiyam ya kwarara waje. Har yau da sunansa ake kiran ƙofar. A jinin mai lafiya kusan kullum a rufe take. A jinin mai sikila kuwa, duk sa'ad da zaruruwan suka tokare tantani suka miƙar da shi, kalsiyam kan sami hanyar shiga, ƙofar Gardos ta buɗe, fotasiyam ya fita, kuloraid ya bi shi, ruwa ya bi su duka. Ƙwayar ta tsotse, himogulobin ya ƙara kauri, jinkirin ya gajarta, a zagaye na gaba ta fi saurin lanƙwashewa, ta sake yin asarar ruwa. Haka za a yi ta yi har ta zama busasshiya mai taurin da ko ta sha iska ba ta komawa siffarta.

Wannan shi ne ilimin da ke bayan shawarar nan da ma'aikatan asibiti ke nanatawa har ta gunduri iyaye, cewa a riƙa ba yaro ruwa. Akwai wani abu da ya kamata kowace uwa ta sani. Can tsakiyar ƙoda wuri ne mai ƙarancin iska da yawan gishiri, daidai yanayin da ke lanƙwasa ƙwayar jini, don haka tun yaro yana ƙarami ƙodarsa kan rasa ikon tattala ruwa. Fitsarinsa yakan yi yawa, ya fito fari tas ko da jikinsa na bukatar ruwan, kuma da yawa sukan daɗe suna fitsarin kwance. Uwa ta gaji da shanya tabarma da wankin zani kowace safiya, sai ta hana shi ruwa daga magariba, wataƙila har da faɗa da gori a gaban ƙannensa. Niyyarta gyara ce, amma ta haɗa yaron da dare mai tsawo cikin ƙishi, a jikin da ba ya iya riƙe ruwa. Haka yake ga saurayin da ke dako ko tura kura a rana tsaka a bakin iyaka, da kuma wanda ya nace sai ya yi azumi a tsakiyar bazara alhali addini ya yi wa mara lafiya rangwame. Irin wannan ya tuntuɓi likita da malami tun kafin watan ya kama.

Mai hankali zai iya cewa: in haka ne, a toshe ƙofar Gardos mana a huta. An gwada. An haɗa wani magani mai suna senikafok wanda ke yin hakan daidai, kuma a jikin marasa lafiya ya yi abin da aka zata: busassun ƙwayoyi sun ragu, jini ya ƙaru. Amma babban gwajinsa an dakatar da shi a 2007, domin yawan tashin ciwo bai ragu ba. Wani maganin, bokselota, wanda ke hana himogulobin haɗuwa, kamfanin Pfizer ya janye shi daga kasuwa a watan Satumba na 2024 saboda damuwa a kan lafiyar masu shan sa. Wanda ya ce wannan ya nuna ilimin ɗakin gwaji ba abin dogaro ba ne yana da abin kamawa, kuma bai kamata a yi masa gatsali ba. Sai dai abin da waɗannan gwaje-gwaje suka koyar shi ne cewa ciwon ya wuce lanƙwashewar ƙwaya kaɗai. Tun 1980 Robert Hebbel ya nuna cewa ƙwayoyin jinin mai sikila suna da danƙo, suna manne wa bangon hanyoyin jini, kuma daga baya aka gane cewa fararen ƙwayoyin jini da kumburin bangon suna da hannu wajen tare hanya. Duk abin da ya rage gudun jini ya ba zaruruwan lokacin da suke nema. Shi ya sa sanyi, mai tsuke hanyoyin jini, da zazzaɓi, mai tayar da kumburi, suke tayar da ciwo. Ruwa ba magani ba ne, kuma wanda ya ce zai warkar da sikila da shi ya yaudari mutane. Yana cire ɗaya ne daga cikin abubuwan da ke taruwa su kayar da yaro, kuma shi ne mafi araha a cikinsu.

Hanya ta biyu ta tsarma himogulobin S ta fi ƙarfi, kuma wata likitar yara ce a Burukilin ta Amurka, Janet Watson, ta fara hango ta a 1948. Ta lura cewa jariran da aka haifa da cutar lafiya lau suke a watannin farko, kuma ƙwayoyin jininsu ba su cika lanƙwashewa ba. Iyaye a nan ma sun san haka: sai yaro ya kai wata biyar ko shida sannan a ga bayan hannunsa da ƙafarsa sun kumbura, yana tsala kuka in an taɓa. Dalili shi ne ɗan tayi yana da nasa himogulobin, wanda ake kira F, mai sarƙar gama a madadin beta. Ba ya ɗauke da aibin, kuma ba ya shiga cikin zaren, don haka duk inda yake yakan tsaya tsakanin masu son haɗuwa ya hana su. Bayan haihuwa jiki yakan rufe ƙwayar gadon da ke yin gama ya buɗe ta beta, har F ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari a jinin babba. Ƙwayar gadon tana nan daram, kulle ta kawai aka yi. Kuma kullen bai kai ɗaya ga kowa ba: a gabashin Saudiyya da wasu sassan Indiya masu sikila suna riƙe F mai yawa har girma, cutar ta zo musu da sauƙi, alhali nau'in gadon da ya fi yawa a Nijeriya, wanda ake kira na Benin, yana zuwa da F kaɗan.

Wane ne ke kullewa? An shafe shekara 60 kafin a sami amsa. Binciken gadon dubban mutane a 2007 da 2008 ya nuna yatsa ga wata ƙwayar gado mai suna BCL11A, kuma a 2008 Vijay Sankaran da Stuart Orkin a Boston suka tabbatar cewa furotin ɗin da take samarwa shi ke kulle ƙwayar gadon gama, ya jawo wasu furotin su taya shi danne ta. A kan wannan aka gina Casgevy, maganin farko a duniya da aka amince da shi mai amfani da fasahar gyaran gado ta CRISPR, wanda Birtaniya ta yarda da shi a Nuwamba 2023, Amurka kuma a Disamba. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin mara lafiya, a lalata ɗan yankin da ke kunna BCL11A a cikinsu, a kashe tsohon ɓargo da magani mai ƙarfi, sannan a mayar da su. Jinin jarirai ya dawo, yawancin waɗanda aka yi wa suka daina samun tashin ciwo. Kuɗinsa dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya. Babu amfanin ɓoye-ɓoye, wannan ba na Jibiya ba ne a yanzu, ba ma na Abuja ba ne, kuma akwai ciwo a zuciya ganin cewa maganin ya fito a inda masu cutar suka fi ƙaranci.

Amma akwai ƙwayar magani da ke bi ta wannan hanya ɗin, ko da ba ta kai can ƙarshe ba, kuma tsohuwa ce mai araha: haidroksiyuriya. A 1984 aka nuna a Boston cewa tana ɗaga himogulobin F a jikin masu sikila, a 1995 kuma wani gwaji a kan manya 299 a Amurka da Kanada ya nuna ta rage tashin ciwo da kusan rabi. Ban da ɗaga F, tana sa ƙwayoyin jini su fito manya masu wadatar ruwa, ta kuma rage yawan fararen ƙwayoyin da ke taya tare hanya, wato ta taɓa matsalar ta fuska uku, abin da senikafok bai yi ba. An daɗe ana ɗari-ɗari da ita a Afirka, ana tsoron za ta raunana yara a gaban zazzaɓin cizon sauro da sauran cututtuka. Gwajin REACH, da aka buga a 2019 bayan bin yara sama da 600 a Angola, Kwango, Kenya da Yuganda, ya kawar da wannan tsoro: ciwo ya ragu da fiye da rabi, ƙarin jini da mace-mace suka ragu sosai, shi kansa zazzaɓin ya ragu da kusan rabi. Hujjar da ta fi kusa da mu kuwa daga Kano ta fito. In ba a yi rigakafi ba, kusan yaro ɗaya cikin goma masu SS kan gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin ya kai shekara 20. A Turai da Amurka ana gano waɗanda ke cikin haɗari da na'urar auna gudun jini a ƙwaƙwalwa, a riƙa yi musu ƙarin jini kowane wata, abin da bankunan jininmu ba za su iya ɗauka ba. Likitoci a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala da Asibitin Barau Dikko na Kaduna, tare da Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt, suka gwada haidroksiyuriya a kan yara 220 masu wannan haɗari, kuma sakamakon da suka buga a 2022 ya nuna cewa ko ƙaramin awo, miligiram 10 ga kowane kilo na nauyin yaro, yana ba da kariya. Yaran Kano da Kaduna ne, masu irin abincinmu da irin sauronmu.

Iyaye kan tsorata in suka karanta takardar cikin kwalin suka ga an ambaci ciwon daji, domin da shi aka fara sanin maganin. Tsoron yana da tushe ta wannan fuska: maganin yana rage aikin ɓargo, don haka ba abin da za a saya a kemis a sha da ka ba ne. Sai an auna nauyin yaro, a riƙa duba yawan ƙwayoyin jininsa lokaci-lokaci, a ƙara awo yayin da yake girma, kuma mai ciki ko mai shirin ɗaukar ciki sai ta yi shawara da likita. Sikeli, na'urar ƙirga ƙwayoyin jini, ma'aikacin da aka horar, da maganin da ba ya yankewa, su ne bukatun, kuma babu ɗaya a cikinsu da ya fi ƙarfin babban asibitin ƙaramar hukuma in har an sa shi a kasafi.

Wasu kuma na ganin duk wannan wahala ce, a tsaya a kan gwajin jini kafin aure kawai. Jihar Kano ta mayar da gwajin doka a 2024, kuma ina goyon bayan kowa ya san nau'in jininsa tun kafin soyayya ta yi nisa, domin in AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Amma gwajin aure bai ce komai ba game da yaran da suka riga suka zo, da waɗanda za a ci gaba da haifa a ƙauyukan da ake ɗaura aure ba takarda. Waɗannan abin da ke kashe su tun suna ƙanana shi ne saifa, wadda lanƙwasassun ƙwayoyi ke lalatawa a shekarun farko, ta bar yaro ba garkuwa a gaban ƙwayoyin cuta. Wani gwaji a Amurka a 1986 ya nuna cewa ba su fenisilin kullum ya rage mummunar cutar jini da ƙwayar nimoniya ke haddasawa da kashi 84 cikin ɗari. Sharaɗin shi ne a san yaron tun kafin ya fara ciwo, a cikin watannin nan da jinin F ke kare shi. Yau akwai ɗan tsinken gwaji da ke nuna nau'in jini daga ɗigo ɗaya cikin mintuna, ba ya bukatar lantarki, kuma an gwada shi a wuraren rigakafin yara a yankin Abuja ya yi aiki.

Na san abin da mutumin Jibiya zai ce: muna fama da 'yan bindiga, da 'yan gudun hijira, da yunwar yara, ga kasuwancin da rufe iyaka na 2019 da na 2023 suka durƙusar, wa ke ta sikila? Amma mai sikila shi ne farkon wanda waɗannan masifu ke kayarwa. Iyalin da suka kwana a daji cikin sanyi, suka yi tafiyar ƙafa ba ruwa, suka sauka a makaranta ba gidan sauro, sun haɗa wa ɗansu duk abin da ke gajarta jinkirin nan a dare ɗaya. Asibitin Koyarwa na Tarayya yana Katsina, cibiyar sikila ta ƙasar Nijar tana can Yamai, kuma tsakaninsu akwai dubban yara da ke tsallaka iyaka da iyayensu, yau a duba su a Jibiya, wata mai zuwa a Maraɗi, kowane wuri a fara tambaya daga farko. Kati ɗaya da uwa za ta riƙe, mai ɗauke da nau'in jinin yaro da nauyinsa da awon maganinsa da sakamakon gwajinsa na ƙarshe, a rubuce da Hausa da Turanci da Faransanci, zai rage wannan asara. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi kuma suna da aikin da ya fi dacewa da su fiye da kowa: su auna yawan himogulobin F a jinin yaran wannan yanki, su bi su tsawon bazara da damina da hunturu, a san waɗanda suka fi bukatar a fara ba su magani da kuma watannin da ya kamata asibitoci su tanadi jini da ruwan ƙari.